Jirgin Maginin Tukwane

Sahura, na ji an ce har yanzu faci da gyaran tsofaffin kaya kawai kike karɓa, in an kawo miki sabon yadi sai ki mayar, wai kar ki ɓata wa mutane kaya. To ajiye allurar nan tukuna, ki ji wani misali.

An yi wani maginin tukwane da 'yarsa ta faɗo daga kan mangwaro ta karye a cinya. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar, ya ce ta kwanta rigingine a kan gado, kada ta motsa sai ƙashi ya kama. Yarinya ce mai ƙiriniya da ba ta san zama ba, sai ga shi daga safe har yamma ba abin da take gani sai azarar rufin ɗaki. Da fari kuka take yi. Daga baya ta bar kukan, ta bar magana, ta bar cin abinci, a kawo kunu ya huce a koma da shi. Mai ɗori ya zo dubiya ya girgiza kai, ya ce ƙashi ba ya haɗuwa a jikin da ba abinci. Ana cikin haka ƙanin maginin da ke aiki a birni ya aiko mata da ɗan jirgi mai saukar ungulu na wasan yara, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, da rimot ɗinsa, da 'yan farfela na canji a leda. Ta jujjuya shi a hannu, can ta ce, "Baba, yana tashi?" An daɗe ba a ji muryarta ba sai ranar. Uban ya ce yana tashi, kuma in Allah ya yarda za ta gani da idonta.

Sai dai shi mutum ne da ya girma cikin kayan fashewa. Tun yana yaro aka koya masa ɗanyar tukunya ƙasa-ƙasa ake ɗaukarta, don ko ta kuɓuce kada ta yi nisan faɗuwa. Haka ya yi wa jirgin. Ya kai shi wajen mai cajin waya, ya dawo ya shiga zaure don ya koya, ya ɗora babban yatsa a maɓallin tashi yana turawa kamar mai taɓa miki. Farfela ta kama juyawa, jirgi ya ɗaga bai kai taƙi ɗaya ba, sai ya riƙe shi a nan. Abin mamaki, jirgin ya ƙi tsayawa: ya yi ta zamiya kamar ɗan tsako a kan tire, ya yi hagu, ya yi dama, ya je ya daki gindin randa, farfela ta tsinke. Ya canza wata. Washegari ya ƙara yin ƙasa da shi, a ganinsa ya yi sama da yawa ne jiya, sai ya daki dokin ƙofa. Kullum haka, har farfelar canji ta ƙare, saura wadda ke jikinsa. Ga shi ko da ya iya riƙe shi a ƙasan, me ya yi? Wadda ke kwance rigingine ba ta ganin ƙasa.

Ranar da ya zauna yana kallon abin cikin takaici, sai ya lura da ƙurar yumɓun da ke daɓen zauren. Duk sanda farfela ta juya, ƙurar sai ta watse, ta daki ƙasa da bango, ta murɗo ta dawo kan jirgin. A nan ya gane. Ashe iska jirgin yake turawa ƙasa, shi kuma ya hau kanta. In yana dab da ƙasa iskar ba ta da wajen zuwa, sai ta dawo tana hankaɗarsa. Wato inda yake ɓoye shi don kada ya karye, nan ne wajen karyewar.

Bai ƙara gwadawa a zaure ba, don farfela ɗaya ba ta da ranar gwaji. Ya ɗauki jirgin ya shiga ɗakin yarinyar, ya ajiye a tsakar ɗaki. Ya yi bisimilla, ya tura maɓallin da gaske. Jirgi ya yi tangaɗinsa da ya saba, zuciyarsa ta ce sassauta, ya ƙi. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya wuce bakin gado, sai ya natsu cak a sarari kamar an rataye shi da zare, iskarsa tana kaɗa ɗankwalin yarinyar. Ta yi dariyar da sai da uwarta ta saki muciya ta rugo. Bai jima ba caji ya ƙare, ya sauko a hankali ya faɗa kan bargo.

"Baba, sake!"

"Sai ya ci abincinsa wajen mai caji," in ji shi. "Ke ma ci naki kafin ya dawo."

Ta miƙa hannu ta karɓi kofin kunu.

Tsoro ba laifi ba ne, Allah ne ya halicce mu da shi, kuma tsoron bai saki mutumin nan ba har jirgin ya sauka. Amma da ya bi ta tsoron, da har yau yana zaure yana karya farfela. Shi ya sa Hausawa suka ce, matsoraci ba ya zama gwani.