Jiniyar Ardella

Ranar da aka sake hura wuta a tukunyar tururin Ardella, bayan shekara da shekaru tsohon jirgin ruwan yana cin tsatsa a bakin tafki, kowa a garin ya fito kallo. Marnie, injiniyar jirgin, ta hau ɗakin tuƙi da baƙin kwal har gwiwar hannu. Can ta tarar da Denis, kafintan da ya sabunta katakon jirgin, yana ta murza hularsa.

"An ba ni aiki a birnin Calgary," ya ce. "Ki biyo ni mana."

Ta dube shi, ta dubi igiyar jiniyar da kakanta ya ja, mahaifinta ma ya ja. A al'adar garin, ba a busa ta jirgi na ɗaure sai wani ma'aikacinsa ya rasu ko zai yi aure.

"Jirgin da na kankare da hannuna zan bari? Ba inda za ni, Denis."

"Na sani. Shi ya sa na ce su nemi wani." Ya zaro zoben neman aure, ya miƙa mata. "Ni ma ina nan, in kina so na."

"Kai, mugu! Gwada ni kake?"

Ba ta jira amsa ba, ta finciki igiyar. Ƙarar ta ratsa tafkin. A ƙasa tsofaffi suka fara cire huluna, suna sunkuyar da kai.

Marnie ta leƙo ta taga, tana dariya.

"Ku mayar da hulunanku! Ba wanda ya mutu!"