Mahaƙin Rijiya da Ludayin Romo

Kai da kake cewa mai kyakkyawar niyya ba ya laifi, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani dattijo mahaƙin rijiya da mutanen wani ƙauye suka ɗauko daga nesa, saboda matansu sun gaji da sammakon zuwa rafi. Wata biyu yana haƙa, ya kai zurfin gaba goma sha huɗu, ƙasa ta fara danshi a hannunsa. Abin da ya rage masa aikin kwana huɗu ne: ya taɓo ruwa, ya ɗaure bangon da dutse da siminti. Hadari kuwa ya riga ya fara leƙowa daga gabas, kuma kowa ya san rijiyar da ba a ɗaure ba ruwan farko ke rufta ta. Shi wannan dattijo shekara tara rabonsa da duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ko nono da man shanu ya sallama. Bai taɓa ce wa kowa haramun ba ne. Jikinsa ne ya ƙi. Da ya ci sai gaɓoɓinsa su kumbura, babban yatsan ƙafarsa ya yi ja kamar garwashi, ko bakin zane ya taɓa shi sai ya cije leɓe. Mahaƙi kuwa da yatsun ƙafa yake sauka rijiya, yana taka 'yan ramukan da ya sassaƙa a jikin bango.

Ranar kasuwa ya shiga gari sayen siminti, yunwa ta kama shi da azahar, ya faɗa gidan abincin da ke bakin tasha. Wuri ne da ya yi suna da farfesun kayan ciki da ragadada da kan rago, tun daga titi ƙamshin kitse ke tarbar mutum. Ya gaida mai abincin, ya roƙi shinkafa da wake, da man gyaɗa da yaji kawai. Wani direba da ke tsotsar ɓargo ya ce Baba ya shigo mahauta yana cigiyar zogale, aka kwashe da dariya. Dattijo dai ya yi wa matar bayani, har sau uku, a hankali, cewa ko romo ba ya sha, ciwo yake sa masa.

Ita kuwa ba ta ji ko ɗaya ba, domin idonta na kan rigarsa mai jar ƙasa da kaushin dugadugansa. Tuni ta yanke hukunci: talauci ne, kunya ta sa ya laƙaba wa ciwo. Haka muke, duk wanda ya ce ba ya cin nama sai mu leƙa aljihunsa maimakon mu saurari bakinsa. Sai ta juya masa baya, ta tsame tsokoki gefe, ta kwarara ludayi biyu na romon hanta da ƙoda a ƙasan shinkafar, ta lulluɓe da yaji da albasa. Ya kai loma biyu, ya dakata, ya tambaye ta ko da romo a ciki.

"Haba Baba, ka ga tsoka?" in ji ta.

Bai ga tsoka ba. Kuma shi ba mutumin da zai ƙaryata mace a gaban jama'a ba ne, ga masu dariya na jiran abin ƙari. Ya ci abin da ya ci, ya yi godiya, ya ɗauki simintinsa. Yana fita ta ce wa maƙwabciyarta yau ta samu lada, ta ciyar da bawan Allah ba tare da ta tona masa asiri ba. Wannan ladan nata shi ne ya fi ba ni haushi a duk labarin. An tambaye ki, kin san amsa, kin kauce, sannan ki koma kina yaba kanki.

Washegari ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Ya rarrafa har bakin rijiya, ya zura ƙafa a ramin farko, zafi ya dawo da shi baya. A ƙauyen babu wanda ya iya ɗaurin bango, balle wanda zai yarda ya sauka gaba goma sha huɗu. Yana kwance a zauren da aka sauke shi, takaici ya fi ciwon cin ransa, domin ya faɗa, ya maimaita, an mai da shi wanda bai san jikinsa ba. A rana ta uku da la'asar ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Daga inda yake ya ji rugugin bango yana zubewa ciki, aikin wata biyu ya koma tabo. Da gari ya waye matan ƙauyen suka ɗauki tulunansu suka nufi rafi.

Labari ya kai wa mai abincin cewa dattijon nan ba shi da lafiya. Ta yi salati, ta yafa mayafi, ta hau mota ta zo dubiya. Ta durƙusa ta yi masa sannu, sannan ta buɗe kwanon da ta zo da shi: farfesun kayan ciki ne, da zafinsa, wai ya sha ya samu ƙarfin jiki. Dattijo ya dubi kwanon, ya dube ta, ya juya fuskarsa ga bango.

Shi ya sa Hausawa suka ce abincin wani gubar wani.