Hannun Hagu

Da hannun hagu Dokta Tantri ta miƙa wa tsohon hoton ƙwaƙwalwar 'yarsa. Ya kalli hannun kafin ya kalli hoton.

"Yaran zamani! Ba a koya muku ladabi a birnin Solo ba?"

Dokta Harjono ke nan. Shekara talatin yana shugabantar asibitin kafin ya yi ritaya, har yau ma'aikata na rusuna masa. Tantri kuwa ko inuwarsa ba ta son gani.

'Yarsa Kinanti na kwance, shekararta ashirin da shida, bikinta ranar Asabar. Kwana biyar kai na sara mata, ga amai. Bayanta duk jajayen layuka, an kankare shi da gefen kwabo da mai, irin maganin gargajiya, don a fitar da sanyi.

"Hoto fes yake," in ji tsohon. "Sanyi ne da gajiyar biki. Sallame ta."

Takardar sallama na gabanta. Sa hannu kawai za ta yi, ba mai tuhumarta, ai babban likita ne ya ba da umarni. Tantri ta san abin da zai biyo baya: farfaɗiya cikin kwana biyu, sannan shanyewar jiki ko kabari. Zuciyarta ta ce, bar shi ya girbi abin da ya shuka. Ta daɗe tana jujjuya biro, kuma wallahi ta ji daɗin tunanin.

Sai ta duƙa kusa da yarinyar. "Ƙanwata, kin fara shan ƙwayar tsarin iyali?"

"Wata biyu ke nan, Yaya. Kar Baba ya ji."

Tantri ta san ƙwayar kan sa jini ya daskare a jijiya. Ta yage takardar. Ta sa aka yi wa Kinanti allurar rinin da ke bayyana jijiyoyi a hoto, aka sake ɗaukar hoton jijiyoyin da ke fitar da jini daga ƙwaƙwalwa. Ga gudan jini nan ya toshe babbar jijiya.

Tantri ta miƙa wa tsohon sakamakon a gaban ɗaliban likitanci da ke ɗakin. "Karanta da ƙarfi, Yallaɓai, ɗalibai su ji."

Ya karanta. Nan take aka fara ba yarinyar maganin tsinka jini.

Tsohon ya share hawaye, ya miƙo hannun dama. "Allah ya saka miki, 'yata."

Tantri ta bar hannun nasa a sama.

"Nawa na dama ba ya ɗaguwa, Yallaɓai, tun ranar da ka sallame ni daga kan wannan gadon ina kwance ba lafiya, ka ce sanyi ne."