Wai Kwaɗo Ya Zo Neman Aure

Ajaratu ba ta shimfiɗa wa Ubaidullahi tabarma ba. A bakin zaure ta tsaya, ta bar shi a tsaye da wayarsa a hannu.

Tare suke yin shirin murya a intanet, suna hira kan wasan 'yan tsana na talabijin. Jiya, bayan ta tafi gida, ya maƙe murya irin ta Tsoho Kwaɗo, ɗan tsanan da yara ke so, ya nemi aurenta a ƙarshen shirin, ya sake shi duniya ta ji.

"Kin ga sharhin mutane kuwa?" ya ce yana murmushi. "Har daga unguwar Totsi ana cewa ki amsa."

Ta dube shi daga takalmi har hula, a hankali.

"Ka san inda Baba ya ji? A rumfar mahauta. Kunna masa suka yi suna dariya, wai kwaɗo ya zo neman 'yar Alhaji."

"Pardon, chérie, yi haƙuri masoyiyata, ni dai na ɗauka..."

"Kawunka na nan bayan masallaci. Goro bai ƙare a Zongo ba."

Da zai ce gobe manyansa za su zo, da ta sassauta, don abin da take jira ke nan.

Ya sosa ƙeya, ya leƙa wayar.

"To, yanzu me zan gaya wa masu sauraro?"

Ta taɓe baki, ta gyara mayafinta.

"Ka ce musu na ƙi. Baba kuwa ni zan gaya masa, tunda ni na san ƙofar ɗakinsa."