Ɗakin Hajiya Daga Bakin Ƙofa

"Ɗakin mahaifiyata ka ƙanƙance haka?" Alhaji ya dangwala yatsa a fuskar kwamfuta.

Mai zanen gidan ya ce, "Ranka ya daɗe, a bakin ƙofa na tsayar da kyamarar, ɗakin Hajiya kuwa yana can ƙarshen gida. Nisa ne kawai. A ƙasa girmansa ɗaya da falonka."

"Su mutanen Wudil ba a bakin ƙofar za su tsaya ba? So kake a ce na samu kwangilar titi na wulaƙanta ta? Ƙara shi!"

Mai zane ya yi ta jan bango, ɗakin na kumbura, har ya kamo falon a hoton. Haka aka gina shi. Siminti ya ƙare a gari, aka ɗebo daga Kano. Ƙyauren ma sai ƙarti sun taru suke tura shi.

Ranar tarewa Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa da baƙinsa, yana murmushi. Komai ya yi daidai da hoton. Can sai wani abu ya motsa a gindin ƙaton ƙyauren.

"Wa ya bar kaza a ƙofar Hajiya? Ku kore ta!"

Kazar ta ɗaga carbi ta ce, "Auta, zo ka buɗe mini."