Koriyar Ƙofa

Tun kafin a gama gabatar da ita, Rauda ta lura jerin gaba duk 'yan fim ne, kuma babu mai sakin fuska a cikinsu.

Marubutan Daura ne suka kira taron don a tattauna littafinta, labarin wata yarinya da ta bar gida da burin zama tauraruwa, ta dawo ba ta iya haɗa ido da kowa. Wani malamin kwaleji ya daɗe yana bayani a kan koriyar ƙofar nan ta cikin littafin, wadda ba ta da mariƙi ta ciki. Ya ce ƙofar ita ce harkar fim ɗin kanta: korenta na jan mai hange daga waje, wanda ya shiga kuwa sai yadda aka yi da shi.

Hankalin Rauda kuwa na gida wurin yayarta Hadiyya, wadda ta ƙi zuwa, kamar yadda take ƙin zuwa ko'ina tun dawowarta daga Kano, inda ta je neman shiga fim.

Sai Alhaji Badaru ya karɓi makirufo. Furodusa ne, ɗan gari, ta hannunsa yaran Daura da dama suka shiga fim. Ya ce littafin sharri ne da hassada. Yarinyar da ba ta taɓa taka lokeshan, wurin ɗaukar fim, ba, ina ta san abin da ake yi? Sun rufa wa 'ya'yan mutane asiri, sakayyar ke nan. Ko ta janye littafin, ko su haɗu a kotu. Yaransa suka ɗauki tafi, wani daga baya yana cewa a ƙone shi.

Ya nuna ta da yatsa. "Ke, dube ni nan. Wannan shuɗiyar ƙofa da kika cika wa duniya kunne da ita, a gidan uban wa kika gan ta?"

Ɗaliban da suka zo taron suka kwashe da dariya. Ashe Alhaji ko karanta littafin bai yi da kyau ba.

Rauda ba ta yi dariya ba. Duk roƙon da ta yi, Hadiyya ba ta taɓa faɗa mata sunan mutumin da ya cuce ta ba, ofishinsa kawai ta kwatanta mata tana kuka. Rauda ce ta mayar da ƙofar koriya a littafi. A bakin Hadiyya, shuɗiya ce.