Abin da Ke Ƙarƙashin Atamfa

"Malam, mene ne wancan a lulluɓe da atamfa?"

Mai kamfanin ɗinkin ya dubi inda baƙuwarsa ke nunawa. Takanas jami'ar muhalli ta zo Kusada ta ga ko ya cika alƙawarin daina ƙona fetur, ya koma wutar sola. Ya kuwa cika. Amma wa zai yarda, ga tsohon janareto a lungu?

"Hajiya, tun damina ba a tada shi ba."

"Kowa haka yake ce mini."

Ta yaye atamfar. Sai ga kaza ta taso mata da faɗa, 'yan tsaki na leƙowa daga ƙarƙashin injin.

Jami'ar ta fashe da dariya. "Wannan shaidar kam ba ta ƙarya. Mayar wa mai jego mayafinta."